3.4 Adana Kwafin Saitin Gungun Ma'adanai da Hanyar Maido da Shi

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda ake adana kwafin saitin gungun ma'adanai, da kuma yadda ake maido da shi idan ya lalace. An ɗauki manhajar ONTAP ta kamfanin NetApp na ƙasar Amurka, wanda aka kafa a shekarar 1992, a matsayin misali.

3.4.1 Bambancin Bayanai da Saiti

Gungun ma'adanai shi ne tarin na'urorin adana bayanai da aka haɗa su suna aiki tamkar na'ura guda. Kowace na'ura daga cikinsu ana ɗaukarta a matsayin mamba. A tsarin ONTAP ana jera mambobin ne biyu-biyu, ta yadda idan ɗaya ya tsaya ɗan'uwansa zai karɓi aikinsa, kuma gungu ɗaya yana iya kaiwa mambobi 24.

Abubuwa iri biyu ne ke cikin gungu. Na farko shi ne bayanan masu amfani, kamar lissafin banki ko takardun ma'aikata. Na biyu kuwa shi ne saiti, wato bayanin yadda gungun kansa yake: sunayen mambobi, da adireshinsu a kan hanyar sadarwa, da wurin da kowane rumbu yake zaune, da kuma waɗanda aka ba izinin shiga. Ana iya kwatanta saiti da littafin rajistar babban sito. Idan littafin ya ƙone, kaya suna nan a jibge, amma babu mai iya cewa ga na wane, ga kuma ɗakin da yake. Saboda haka kwafin bayanai ba ya maye gurbin kwafin saiti, haka nan kwafin saiti ba ya ɗauke da bayanan masu amfani ko kaɗan.

3.4.2 Inda Saiti Yake Zaune

Saiti ya kasu kashi biyu. Akwai na mamba, wanda ke cikin tushen rumbunsa, sannan akwai na gungu baki ɗaya, wanda ke cikin wata taska da kowane mamba yake riƙe da kwafinta. Ba a karɓar wani canji a wannan taska sai mafi rinjayen mambobi suna raye kuma suna jin juna. Dalili kuwa shi ne, idan sadarwa ta yanke gungu ya rabu biyu, kowane ɓangare zai iya rubuta nasa canjin, daga baya a rasa wanda za a gaskata. Domin warware kunnen doki, ana ba mamba ɗaya ɗan ƙarin nauyi da ake kira epsilon. Misali, idan gungu mai mambobi 4 ya rabu biyu-biyu, ɓangaren da ke da wannan mamba shi ke ci gaba da aiki.

3.4.3 Ɗaukar Kwafi

ONTAP tana ɗaukar kwafin saiti da kanta bisa jadawali uku: kowane awa 8, da kullum, da kuma mako-mako. A kowane lokaci mamba mai lafiya yana haɗa kwafin saitinsa, sannan a tattara su duka tare da saitin gungu a fayil guda, a ajiye a kan wasu daga cikin mambobin. Sai dai a nan akwai haɗari, domin kwafin da ke cikin gungu yana iya salwanta tare da gungun idan gobara ko ambaliya ta auku. Don haka ya wajaba mai kula da gungu ya saita wata kwamfuta a waje wadda za a riƙa tura fayil ɗin gare ta. Haka kuma ya kamata ya ɗauki kwafi da hannunsa kafin duk wani babban aiki, kamar sabunta manhaja ko ƙara mamba. Idan kuma an kulle bayanai da mabuɗan sirri, to bayanin mabuɗan da kalmar sirrinsu suna buƙatar tasu ajiyar daban, domin in babu su ba za a iya karanta bayanan ba.

3.4.4 Maidowa

Maidowa iri biyu ce. Idan tushen rumbun mamba ɗaya ne ya lalace, aikin yana da sauƙi: a kwaso kwafinsa daga wani mamba ko daga kwamfutar waje, a ɗora masa, ya sake tashi, sannan a daidaita shi da taskar gungu.

Idan kuwa taskar gungun ce ta lalace har babu rinjaye, sai an sake gina gungun. Ana dakatar da tsarin karɓar aiki tsakanin mambobi, a kashe dukansu ban da guda ɗaya, a gina gungun a kansa daga kwafi, sannan a shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin yana ba da shawarar a tuntuɓi masanansa kafin a fara wannan aiki, saboda duk canjin da aka yi bayan ɗaukar kwafin zai ɓace. Alal misali, rumbun da aka ƙirƙira bayan kwafi na ƙarshe yana nan a kan faifai, amma gungun bai san da zamansa ba, sai an bi an daidaita da hannu.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa amfanin kwafin saiti ya dogara ne a kan abubuwa uku: sabuntarsa, da ajiye shi nesa da gungun, da kuma gwada maido da shi tun kafin matsala ta auku. Sashe na gaba zai duba yadda ake adana kwafin bayanan masu amfani.