Gidan Annabi Yusha'u: Yadda Allah Yake Hukunta Cin Amana

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure a majami'a ya san lokacin da kowa yakan yi tsit. Shi ne sa'ad da ango da amarya suka tsaya a gaban fasto, kowannensu ya yi alkawarin riƙon ɗan'uwansa, shi kaɗai, har mutuwa ta raba su. Waƙoƙi da abinci da kayan ado duk sukan ƙare a ranar, alkawarin ne ake tafiya gida da shi. Shi ya sa in ɗaya ya ci amanar ɗayan, zafinsa yakan fi na kowane laifi. Ɓarawon waje sai ya haura katanga. Mai cin amana kuwa da mabuɗin gida yake yin ɓarnarsa.

Da Allah ya so ya nuna wa jama'ar Isra'ila nauyin laifinsu, misalin aure ya ɗauka. Bai bar shi a baki kaɗai ba, sai da ya sa shi a gidan wani bawansa, annabi Yusha'u ɗan Beyeri. A wannan wata za mu shiga gidan nan, mu ga abin da ya sa Allah ya yi hukunci, da yadda hukuncin ya sauko, da kuma inda ya nufa da shi.

Zamanin da Yusha'u ya rayu

Bayan mutuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, mulkinsa ya rabu biyu. Kabila goma na arewa suka zama mulkin Isra'ila, wanda daga baya Samariya ta zama babban birninsa. Na kudu shi ne Yahuza, da Urushalima. Sarkin arewa na fari, Yerobowam, ya ji tsoro kada mutanensa su riƙa zuwa sujada a Urushalima zuciyarsu ta koma can. Sai ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ya kafa ɗaya a Betel, ɗaya a Dan.

Yusha'u ya fara annabci wajen shekara ta 750, a ƙarshen zamanin Yerobowam na biyu, wanda ya yi shekara 41 a kan gadon sarauta. Lokacin wadata ne. Iyakar ƙasa ta faɗaɗa, ciniki yana tafiya. Annabi Amos, wanda ya yi wa'azi a zamanin nan, ya yi maganar attajirai masu kwana a gadajen hauren giwa. Masu haƙa kufai da suka yi aiki a Samariya daga 1931 zuwa 1935 sun tarar da gutsattsarin hauren giwa masu yawa da aka sassaƙa don ado.

Tun kafin wannan, a 1910, an tono kaskunan tukwane fiye da 60 a wurin, masu rubutun lissafin mai da ruwan inabi da ake kawowa fada. A cikin sunayen mutanen da ke kansu, waɗansu suna ɗauke da sunan Ubangiji, waɗansu kuma da sunan Ba'al. Wannan ya nuna mana irin cutar. Isra'ila ba su ce sun rabu da Ubangiji ba. Suna kiyaye idodi, suna miƙa hadayu. Amma Kan'aniyawa sun ce Ba'al ne mai ba da ruwan sama da albarkar gona, saboda haka manomi yakan yi sujada ga Ubangiji ran Asabar, in damina ta kusa kuma ya hau tudu ya ba Ba'al nasa. Raba ƙafa suka yi, suna ganin dabara ce. Allah kuwa ya kira ta zina.

Mata ɗaya, 'ya'ya uku

Ubangiji ya umarci Yusha'u ya auri mace wadda ba za ta riƙe amanarsa ba. Ya auri Gomer 'yar Diblayim, ta haifi 'ya'ya uku, Allah ne kuma ya raɗa wa kowannensu suna.

Na fari namiji ne, aka sa masa Yezreyel, sunan wurin da Yehu ya zubar da jini mai yawa sa'ad da ya ƙwace sarauta, kusan shekara 90 kafin lokacin. Sunan yana faɗa cewa gidan Yehu ya kusa ƙarewa. Ta biyu mace ce, Lo-ruhama, wato wadda ba a yi wa jinƙai ba. Na uku Lo-ammi, wato ba jama'ata ba.

Mu iyaye mun san yadda ake zaɓen sunan yaro da murna. Mu tuna fa da uban da kullum yamma zai tsaya a ƙofar gida ya kira yaransa da waɗannan sunaye, maƙwabta suna ji. Duk kiran da ya yi wa'azi ne. Sunan ƙarshe ya fi tsanani, gama tun daga Masar kalmar alkawari ita ce su jama'arsa ne, shi kuma Allahnsu. Yanzu ga jariri a goye yana shaida cewa igiyar ta kusa tsinkewa.

Gomer ta bi waɗansu maza. A sura ta 2 an nuna mana tunanin irin wannan mace: tana tsammani samarinta ne suke ba ta abinci da ruwa, da ulu da lilin da mai. Ba ta sani ba mijin da ta raina ne yake ciyar da ita. Haka Isra'ila ta karɓi hatsi da azurfa daga hannun Ubangiji, ta kai wa Ba'al godiya.

Yadda hukuncin ya sauko

Abu na fari da za mu lura da shi, hukuncin bai zo farat ɗaya ba. Daga maruƙan Betel zuwa faɗuwar Samariya an yi shekara wajen 200. A tsakanin nan Allah ya aiko da Iliya, da Elisha, da Amos, da Yusha'u. A sura ta 5 Allah ya fara kwatanta kansa da asu mai cin tufa a ɓoye, daga baya ne ya kwatanta kansa da zaki. A sura ta 7 kuma an ce Isra'ila kamar mutum ne da furfura ta fito masa bai sani ba, kamar kuma waina da ba a juya ba, gefe guda ya ƙone, gefe guda ɗanye. Ƙasa tana ruɓewa daga ciki, mutanenta suna ganin lafiya lau. Rantsuwar ƙarya da sata da kisa da zina suka yi yawa, gama wanda ya karya alkawarinsa da Allah ba ya daɗewa yana riƙe na maƙwabcinsa.

Abu na biyu, Allah ya janye kyautarsa. Ya ce zai karɓe hatsinsa da ruwan inabinsa, ya shinge hanyar matar da ƙaya don kada ta iske samarinta. Manomi ya san amfanin shingen ƙaya. Dabba takan ji zafinsa, amma shi yake hana ta faɗawa rijiya.

Abu na uku, abin da suka dogara gare shi, shi ne ya zama sandan dukansu. Yusha'u ya kwatanta su da kurciya marar wayo, yau ta tashi ta nufi Masar, gobe Assuriya. Littafin Sarakuna na biyu, sura 15 zuwa 17, ya ba mu labarin. Bayan Yerobowam sarakuna shida suka hau, aka kashe huɗu daga cikinsu. Zakariya ɗansa ya yi wata shida Shallum ya kashe shi, nan gidan Yehu ya ƙare kamar yadda sunan Yezreyel ya faɗa. Shallum ya yi wata ɗaya Menahem ya kashe shi. Menahem ya sayi goyon bayan Tiglat-filesar, sarkin Assuriya, da azurfa talanti 1,000, ya karɓi shekel 50 daga hannun kowane mai dukiya don ya biya. Feka ya kashe Fekahiya ɗan Menahem. A zamanin Feka, wajen 733 da 732, Assuriyawa suka ƙwace Galili da Gileyad suka kwashe mutanensu. Hosheya ya kashe Feka, ya yi ta biyan haraji, sa'an nan ya aika wa Masar a ɓoye yana neman taimako. Shalmanesar ya ji labari, ya kama shi, ya kewaye Samariya da yaƙi shekara uku. Birnin ya faɗi a 722.

Sargon na biyu, wanda ya gaji Shalmanesar, ya sa an rubuta cewa ya kwashe mutum 27,290 daga Samariya. An sami wannan rubutu a kufan fadarsa da ke Korsabad, a ƙasar Iraƙi ta yau, wadda aka fara tonowa a 1843. Aka watsa Isra'ilawa a Hala, da bakin kogin Habor, da garuruwan Mediyawa, aka kawo baƙi aka zaunar a gonakinsu. Mulkin arewa bai ƙara tashi ba.

Ƙanwa ba ta ɗauki darasi ba

Mukan ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yahuza ta ga abin da ya sami Samariya, amma ba ta shafa ba. Bayan shekara wajen ɗari, annabi Irmiya ya ɗauki misalin nan na aure a sura ta 3 ta littafinsa. Ya ce Yahuza ta ga an ba 'yar'uwarta takardar saki, duk da haka ta bi sawunta, tubar da ta yi kuma ta baki ce. Saboda haka laifinta ya fi na Isra'ila. Ezekiyel ma, a sura ta 23, ya kira su 'yan'uwa mata biyu, Ohola da Oholiba. Mutanen Urushalima sun dogara cewa Haikali yana tsakiyarsu, ba abin da zai taɓa su. A 586 Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe birnin, ya ƙone Haikalin. Sunan Ubangiji a bakinsu bai tsare su ba, tun da zuciyarsu tana wani wuri.

Mijin da ya koma kasuwa

Da labarin ya tsaya nan, da ba mu da bege. Amma a sura ta 3 Ubangiji ya ce wa Yusha'u ya tashi ya sāke ƙaunar matar nan da ta ci amanarsa. Yusha'u ya je ya fanso ta da shekel 15 na azurfa, ya cika da sha'ir. Ya biya kuɗi a kan wadda tasa ce tun dā, ya komo da ita gida.

A nan muke ganin zuciyar Mai hukunci. Alƙali yakan yanke shari'a ya tafi gida ya ci tuwonsa. Allah da muke gani a sura ta 11 kuwa uba ne da ya koya wa yaro tafiya, ya ɗauke shi a hannu, yana tambayar kansa yadda zai iya rabuwa da shi. Ya yi alkawari zai kai matar jeji ya yi mata magana mai taushi, ya mai da Kwarin Akor, inda aka hukunta Akan a zamanin Joshuwa, ya zama ƙofar sa zuciya. Har sunayen yaran zai juya. Yezreyel, ma'anarsa Allah yana shuka, zai zama sunan albarka. Wadda ba a yi wa jinƙai ba za ta sami jinƙai, wanda ba jama'arsa ba za a kira shi jama'arsa. Manzo Bulus a Romawa 9 da manzo Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura ta 2, sun ce wannan ya cika a kan masu bin Yesu Almasihu, har da mu al'ummai. Kuɗin fansarmu bai tsaya a azurfa da sha'ir ba, jinin Ɗan Allah ne a kan gicciye.

Abin da ya shafi gidajenmu

Kada mu karanta wannan mu shiga nuna maƙwabci da yatsa. Ba kowace wahala ce hukunci ba. Ayuba mai adalci ne, ya kuwa sha wuya, Ubangiji Yesu ma ya hana almajiransa ɗora laifi a kan mutumin da aka haifa makaho. Kanmu za mu bincika.

Ba ma hawa tudun Ba'al, amma raba ƙafa tana nan. Akwai mai zuwa sujada ran Lahadi da laya a ƙugunsa. Akwai uwar da takan yi addu'a a kan yaronta marar lafiya, dare ya yi ta bi hanyar gidan boka, wai kada a bar ko'ina. Akwai wanda albashinsa ko rumbunsa ya zama abin dogararsa, ya manta da wanda ya ba shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ku maza, kada wani ya ce littafin nan a kan mata yake magana. A cikin misalin, dukanmu ne Gomer. A sura ta 4 Allah ya ce ba zai ware 'yan mata da matan aure ya hukunta su ba, tun da mazan da kansu suke bin karuwai. Annabi Malakai kuma ya faɗa wa mazan zamaninsa cewa Allah ya ƙi karɓar baikonsu domin sun ci amanar matan ƙuruciyarsu, shi ne kuwa shaidan auren. Yaran da suka ga ubansu yana riƙe alkawarin uwarsu ba sa shan wuyar gaskata cewa Allah mai aminci ne.

In kuwa akwai mai karatu da ya riga ya fāɗi, ko wanda yake jin ƙaya ta tare masa hanya ta kowane gefe, kada ya ce ƙofa ta rufe. Sura ta ƙarshe ta littafin kira ce a komo, tare da alkawarin warkarwa. Ya je wurin Ubangiji ya faɗi laifinsa da sunansa, ya nemi gafarar wanda ya cuta, ya nemi taimakon fasto ko wani dattijon ikkilisiya.

Littafin Yusha'u sura 14 ne. Muna ba da shawara kowane gida ya karanta sura ɗaya kowace yamma a lokacin addu'ar iyali, cikin mako biyu an gama. Bayan kowace sura maigida ya tambayi kansa tukuna, sa'an nan iyalinsa: a ina muka raba ƙafa? Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya ta binsa. Amin.