Salsalar Gidan Ɗantata

Yau za mu bi sawun gida guda ne, gidan Alhassan Ɗantata na Kano, tun daga kaka da kakanni.

Masu ba da tarihin gidan sukan fara da Baba Talatin, wani attajiri Ba'agale da ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka a Madobi. Agalawa kuwa fatake ne, masu kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Abdullahi ɗan Baba Talatin ya gaji fatauci, shi ya haifi Alhassan a Bebeji a 1877.

To, a nan nake so mu ɗan dakata. Mun saba da lissafin wane ɗan wane, amma wanda ya bi ta wajen uba kaɗai zai tsallake waɗanda suka riƙe gidan nan lokacin da ya girgiza. Abdullahi ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami. Mahaifiyar Alhassan, wadda ake kira Amarya, ita ma gawurtacciyar 'yar kasuwa ce. Ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Tata ce ta reni Alhassan, kuma da sunanta ake kiran zuriyar har gobe. Wannan alheri ne da ya kamata a riƙa ambata mata.

Saura kuwa sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, Alhassan ya zama babban dillalinta, ya rasu a 1955, ya bar 'ya'ya irin su Sanusi da Aminu. Sanusi ya haifi Hajiya Mariya, ita ta haifi Aliko Ɗangote a 1957. Ka ga ta wajen mace ne Aliko ya shiga wannan salsala, zuriya ta shida in aka ƙirga da Baba Talatin.

Mai neman asalin gidansu, ya fara da gwaggo ko iya tsohuwa tun suna da rai. Ya tambaye su garin da aka taso, da zanen da ke fuskar kakansa, da sana'ar gida, da wadda ta goyi kowane yaro. Ya ɗauki muryarsu a waya, ya rubuta sunayen mata tare da na maza.