Kare ran ma'aikaci: daga rijiyar gas zuwa ramukan zinare na Yauri

Tun bayan da shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai da iskar gas a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, ran 22 ga watan Nuwamban 2022, ake ta tattaunawa kan sauran yankunan arewacin Nijeriya da ake kyautata zaton suna da wannan arziki, ciki har da kwarin Sakkwato wanda ya shigo har cikin Jihar Kebbi. Akasarin maganar a kan kuɗin shiga ne da guraben aiki. Ba a cika tambayar wace doka ce za ta kare ran mutumin da zai tsaya a bakin rijiyar ba.

A ƙasar Yauri wannan tambaya ba ta jira zuwan gas ba. Ƙarƙashin ƙasar yankin tsohon dutse ne, irin wanda ba ya riƙe mai ko gas amma yakan ɗauki zinare, kuma tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka san Birnin Yauri da haƙarsa. Har yanzu matasa na shiga ramuka a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski. Kwatanta halin da suke ciki da na ma'aikacin rijiyar gas yana nuna inda doka take aiki da inda take tsayawa a takarda.

Abin da ake tsoro a rijiyar gas

Iskar gas tana kwance ne a cikin duwatsu cikin matsi mai tsanani, kuma da zarar an huda mata hanya sai ta nemi tasowa. Don haka masu haƙa ke ɗura wani taɓo na musamman mai nauyi a cikin rijiyar domin ya danne ta. Idan nauyin taɓon ya gaza, akwai wata ƙatuwar na'ura a bakin rijiyar da ke iya toshe ta, har ma ta datse bututun haƙar in ta kama. Idan ita ma ta gaza, to tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai kuma wata iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da kan fito tare da gas. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa takan kashe jin warin, mutum ya zaci ta wuce alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Shi ya sa ake rataya wa ma'aikata na'urar da ke kuka idan ta shaƙe ta.

Nijeriya tana da ƙa'idojin kiyaye haɗari a harkar mai tun 1963, waɗanda aka sabunta a 1997. Sashen kula da albarkatun man fetur na DPR ne ya daɗe yana sa ido a kansu, kafin dokar masana'antar man fetur ta watan Agustan 2021 ta miƙa aikin haƙa ga hukumar NUPRC.

Darasin Piper Alpha

Mafi yawan ƙa'idojin da ake bi a duniya a yau bayan asarar rayuka aka rubuta su. Ran 6 ga watan Yulin 1988, dandalin haƙar mai da gas na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, daura da Skotland, ya yi bindiga, mutane 167 suka mutu. Abin da ya jawo shi bai taka kara ya karya ba: masu aikin rana sun cire wani murfin kariya daga jikin wani famfo domin gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare ba, su kuwa suka tada famfon.

Kwamitin bincike na Lord Cullen ya ba da shawarwari 106 a 1990. Babbar cikinsu ita ce kada hukuma ta tsaya ga lissafa wa kamfani abubuwan da zai saya. Kamfanin ne zai rubuta duk haɗarin da ke tattare da aikinsa da yadda zai shawo kansa, ya gamsar da hukuma kafin ya fara. An kuma raba ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata da ma'aikatar da ke neman a ƙara yawan man da ake haƙowa, domin mai ƙirga ganga ba shi ne ya dace ya ce a dakata ba.

Wannan ba ya nufin an rabu da haɗari. Ran 16 ga watan Janairun 2012 wuta ta tashi a dandalin KS Endeavor da ke haƙa wa kamfanin Chevron rijiyar gas a Funiwa, gaɓar tekun Jihar Bayelsa. Ma'aikata 2 suka rasu, wutar kuma ta shafe kwana 46 tana ci. To sai dai an san mai lasisin, an san sunayen waɗanda ke kan dandalin, an kuma san wanda za a tuhuma.

Ramin da ba shi da mai shi

A nan ne bambancin yake. A ramin zinare na gargajiya, sau da yawa wani ne mai gonar, wani ne ke ba da kuɗin abinci da man janareta a kan sharaɗin shi za a sayar wa, su kuma masu haƙa ba albashi suke karɓa ba, kaso ne daga abin da aka samu. Idan rami ya rufta, ba a rasa mai kuka ba, amma da wuya a samu wanda doka za ta kira mai ɗaukar aiki. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, ba ta da inda za ta kama a wurin da babu albashi.

Ba wai babu doka ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun tanadi sashen sufetocin ma'adinai, sun kuma buɗe wa ƙananan masu haƙa ƙofar kafa ƙungiyoyin gama kai su nemi lasisi. Amma tsarin mulkin 1999 ya sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, don haka Sarkin Yauri da hakimansa da shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka san kowane rami, ba su ne ke da ikon ba da lasisi ko soke shi ba. Matsalar tsaro a dazuzzukan yankin kuma ta ƙara nesanta sufeto da ramin.

Haɗarin kuwa a bayyane yake. Ramuka kan rufta da damina saboda ba a tokare su ba. Hayaƙin injin janye ruwa kan taru a ƙasan rami ya shaƙe mutum. Ƙurar dutsen da ake niƙawa a bushe tana lalata huhu sannu a hankali, haka ma tururin zaiba da ake ƙonawa don a ware zinaren. Maƙwabtan Kebbi sun ga ƙarshen lamarin: gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, ta kuma kashe wasu 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, saboda a cikin gidaje ake dakan dutsen.

Haɗarin ma ba ya tsayawa a bakin rami. Jirgin ruwan da ya nutse a kusa da Wara ran 26 ga watan Mayun 2021, ɗauke da mutane fiye da 150, jami'an yankin sun ce har da buhunan ƙasar zinare a cikin lodinsa. Kimanin mutum 20 aka ceto.

Rajista da dakaru

Yunƙuri mafi girma na shigo da masu haƙar cikin tsari shi ne shirin PAGMI na fadar shugaban ƙasa, wanda aka fara gwajinsa a jihohin Kebbi da Osun, aka kuma yi wa masu haƙa rajista a Yauri a 2020. A watan Yulin wannan shekara aka gabatar wa shugaba Buhari da sandar zinare mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Bankin Nijeriya ya saya a kan Naira miliyan 268. Rajista mataki ne na gaske, domin sai an san sunan mutum ake iya binsa da horo ko diyya, ko da yake abin da ya fi fitowa fili a shirin shi ne hana fasa ƙwaurin zinaren.

A watan Maris na 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakaru na musamman daga rundunar tsaro ta farin kaya ta NSCDC domin farautar masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Aikinsu kame ne da rufe wurare, ba auna zurfin rami ko duba tokarinsa ba. A farkon watan Yunin wannan shekara, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani ramin haƙa ya rufta da gomman ma'aikata a Galadima Kogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro a Jihar Neja, aka kwashe kwanaki ana tono.