Sharar Gida Takin Gona Ce, In An Tsince Ta

Jama'a, kaka ta wuce, an ɗaure dawa an kai rumbu, saura aikin rani. A cikin ayyukan rani kuwa babu wanda ya kai tara taki, gama abin da mutum ya tara a jujinsa daga yanzu zuwa watan Afrilu shi gonarsa za ta ci da damina. Saboda haka wannan mako za mu yi magana a kan sharar gida, musamman ga manoman Turawa da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, inda jama'a ta yi yawa har gona ba ta samun hutu.

Ba baƙon abu ba ne ga Bakano a ce shara taki ce. Tun kakanni, manoman da ke kewaye da birnin Kano sukan kai itace birni a kan jaki, su komo da mangala cike da shara da kashin dabbobi. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan al'ada a shekarun 1960. Ya nuna cewa takin nan yana cikin manyan dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Amma sharar wancan zamani duk mai ruɓewa ce: toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ganyen da aka ƙunso goro, tsohuwar tabarmar kaba, fasasshiyar ƙwarya. Kome aka zuba, ƙasa ta cinye.

Ta yau fa? Ku tsaya a bakin kowane juji ku duba. Ga baƙar leda, ga ledar fiya wata wadda ta bazu tun shekarun 1990, ga robar lemo, ga mataccen batirin tocila, ga reza da fasasshiyar kwalba, ga famfas na jarirai. Manomi ya kwashe duka ya kai gona, ya jibge tsibi tsibi yadda ya gada. Iskar bazara ta taso, leda ta watsu, ta rataye a kan kowace ƙaya.

Leda ba ta ruɓewa. Rana takan gasa ta ta dagargaje, mutum ya zaci ta tafi, alhali kuwa tana nan cikin ƙasa ƙanana ƙanana. Wadda garma ta binne da girmanta kuwa, takan tare ruwan sama ya kasa nutsewa, saiwar masara ta iske ta ta lanƙwashe. Ɓarnarta ga dabbobi ta fi wannan muni. Akuya ko saniya ta ji ƙanshin mai da gishiri a jikin leda, ta haɗiye. Ledar ta taru a tumbi ta dunƙule, dabba tana ci tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza. Wanda ke shakka ya tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin awaki ranar kasuwa. Irin wannan ta'adi yana cikin abin da ya sa ƙasar Ruwanda ta hana ledar sayayya a 2008, Kenya kuma ta bi sahu a 2017. Mu a nan, kafin doka ta iso ƙauye, dabara tana hannun maigida.

Dabarar kuwa ita ce a raba shara tun daga tsakar gida, kafin ta kai juji. Wanda ya ce sai ranar kwasar taki zai tsince leda, lalle bai taɓa gwadawa ba. Shara in ta haɗu da ruwan wanke-wanke da kashin awaki ta yi wata uku, ba mai iya raba ta. Amma sa'ad da uwargida ta gama shara da safe, tsintar leda biyar da batiri ɗaya ba ta fi aikin minti guda ba. To, a nan ne magidanta da yawa suke kuskure. Mata ne ke shara, yara ne ke kai ta juji, maigida kuwa shi kaɗai ya ji bayanin malamin gona a ƙofar dagaci, bai shiga gida ya faɗa wa kowa ba. Ka samo tsohon kwando domin abin da ke ruɓewa, da buhu biyu ka rataye a jikin danga inda akuya ba ta kaiwa, ɗaya na leda da roba, ɗaya na ƙarfe da gwangwani. Ka gaya wa iyali dalili. Kuɗin da aka samu daga buhun ƙarfe kuma ka bar wa wanda ya tara, za ka ga aikin ya ɗore.

Abin da ke cikin kwando shi ne dukiyar. Kada a watsar da shi a fili rana ta ƙone shi, kaji su tone. A haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa kamar ƙafa 3, faɗinsa ƙafa 4 ko 5, tsawo kuwa gwargwadon sharar gidan. A fara shimfiɗa sassaren kara a ƙasa domin iska ta samu hanya. Sa'an nan a zuba shara kamar kaurin taƙi ɗaya, a bi ta da kashin dabbobi da turɓayar turke wadda ta sha fitsari, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta yi, hawa bisa hawa, har rami ya cika, a rufe da ciyawa ko tsohon zana. Ruwan ya zama na jiƙawa, ba na tsamawa ba: in ka damƙi takin ka matse, ya dunƙule amma kada ya ɗiga. Ruwan wanke hatsi da na ɗaurayar kwanoni ya isa, ban da mai kumfar omo da yawa.

A soka sanda a tsakiyar ramin a bar ta. Bayan kwana huɗu ko biyar a zaro a taɓa. In ta yi zafi, aiki yana tafiya, gama ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin sharar, zafin nan kuma yakan kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta masu yawa. In ta yi sanyi ta bushe, ruwa ya gaza, gara ma za ta shiga. In tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen abu. Bayan mako uku a juye takin, na gefe ya koma tsakiya, a sake yin haka sau ɗaya ko biyu. Cikin wata uku zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Wannan hanya wani masanin aikin gona ɗan Ingila, Albert Howard, ya tsara ta a Indore ta ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, shi ma daga manoman can ya koyi da yawa. 'Yan kasuwa masu tattakar rake, da ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon lemo, su sani duk abincin ramin nan ne. Tsofaffin takardun ofis ma haka, in an yayyaga an jiƙa.

Wani zai ce ai cinna wa juji wuta ya fi sauƙi, ga toka nan taki ce. Toka tana da amfani, amma sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, watau irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, yakan bi hayaƙi ya tafi. Jikin takin da ke riƙe wa jigawa danshi shi ma ya ƙone. Hayaƙin leda kuma guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Abin lura game da toka: kada a gauraya ta da yuriya, gama takan kore ƙarfinta ya bi iska.

Buhun ƙarfe ba shi da wuya. 'Yan gwangwan suna zagaya gari suna saye da awo, gwangwanin alminiyam kuma maƙera na narka shi su zuba tukwane. Fasassun bokitai, da takalman roba, da robar ruwa su ma suna da masu saye, a kai Kano a niƙa a sake wani abu. Ledar fiya wata in an yanke bakinta an huda gindi, ta isa rainon dashen mangwaro ko zogale. Sauran ledar da ba mai so, da famfas, da kwalba da reza, a yi musu nasu rami dabam a bayan gari, ba a gona ba, a binne da zurfi.

Saura abu biyu masu kisa. Na farko batiri, musamman na mota da na sola, domin akwai dalma a cikinsu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Tasu dalmar daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce. Kada a fasa batiri a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, a mayar wa mai sayarwa da shi ɗungum. Na biyu robar maganin feshi. Na sha ganinta an mai da ita gorar ruwa a gona, ko mazubin man gyaɗa. Wanki ba ya raba ta da guba. Da zarar magani ya ƙare, a ɗauraye ta sau uku, kowane ɗauraye a juye cikin tankin feshi, sa'an nan a huda gindinta da wuƙa don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Kada a jefa ta a rafi ko kwazazzabo. Ruwan yawancin ƙasar Karaye yana gangarawa Kogin Challawa ne, inda aka gama babbar madatsar ruwa a 1992, masunta na kama kifi a ciki, masu lambu na ban ruwa, birnin Kano kuma yana sha daga kogin.

Wanda ya cika raminsa kafin ƙarshen watan Janairu, takinsa zai nuna daidai lokacin sharar gona. In an kai shi, a rufe kowane tsibi da ƙasa kaɗan har ranar da za a baza a yi huɗa.