Ɗan Santo, Magajin Hular Azurfa

Ƙasar Meksiko tana kudu da Amurka, mutanenta kuwa harshen Sifen su ke ji. Suna da wata irin kokawa da su ke so ƙwarai, ana ce da ita lucha libre. Ba a kan rairayi a ke yinta kamar tamu ba. A kan yi ta bisa wani dandamali mai kusurwa huɗu wanda aka kewaye da igiyoyi. Kāda mutum kaɗai bai isa ba, sai an danne kafaɗunsa a ƙasa har alƙali ya ƙirga uku, ko kuwa shi da kansa ya ce ya bi. Tun kafin a hau an riga an shirya wanda zai ci, amma tsalle da faɗuwa da ciwon da a kan ji duk na gaske ne.

Da yawa daga cikin 'yan kokawan nan su kan sa wata hula wadda ta rufe kai da fuska duka, sai kafofin ido da hanci da baki. Hular nan ita ce mutuncin mai ita. Idan gaba ta yi tsanani, sai a yi karon da za a sa hula ko gashin kai a matsayin jingina. Mai hula in an ci shi, tilas ya tuɓe ta a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na yanka. Maras hula kuwa a aske kansa ƙwal.

A cikin 1942 wani ɗan kokawa ya soma sa hula mai launin azurfa, ya ɗauki sunan El Santo, watau Waliyyi. Ya yi shekara 40 yana wasa da sunan nan, ya kuma fito cikin sinima fiye da 50. Ya bar kokawa a 1982, ya rasu ran 5 ga Fabrairu, 1984. Da hularsa aka binne shi.

Autansa, wanda aka haifa a 1963, ya tashi da son sana'ar. Uban ya fi so ya yi karatu tukuna, yaron kuwa ya yi, har ya gama jami'a. Da fari ya hau dandamali da wani suna dabam, Korak, ba da yardar uban ba. Daga baya uban ya yarda, a cikin 1982 ɗan ya sa hular azurfa, aka riƙa kiransa El Hijo del Santo, watau Ɗan Santo.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon nan kaya ne mai nauyi. Kowa ya zo kallo sai ya gwada shi da uban. In ya yi sake aka ci hular sau ɗaya, sunan da aka yi shekara 40 ana ginawa ya zube ke nan. Duk da haka ya sa ta jingina sau da yawa. A 1987 ya kara da Negro Casas a birnin Los Anjeles na Amurka, ya ci, aka aske Casas.

Karon da aka fi tunawa shi ne na ran 6 ga Nuwamba, 1994, a birnin nan dai. Shi da abokinsa Octagon suka sa hulunansu, Eddie Guerrero da Art Barr suka sa gashinsu. Uban Eddie, Gory Guerrero, dā abokin wasan El Santo ne, ga shi kuwa 'ya'yansu sun zama abokan gaba. Aka ci masu huluna a zagaye na fari, saura ƙiris su tozarta. Suka dage, suka ci na biyu da na uku, aka aske abokan karawarsu.

A 2013 ciwon ƙashin baya ya tsai da shi, sai da ya yi jinya ya komo. A duk shekarun nan ba wanda ya ci hularsa. Ɗansa kuma ya bi sawunsa, shi ma ya sa hular azurfa.

Tambayoyi
1. Ina bambancin kokawar Meksiko da tamu?
2. Me ke samun mai hula in an ci shi?
3. Don me aka ce gadon Ɗan Santo kaya ne mai nauyi?