Hangen Dala ba shiga birni ba: Kafin ka ce za ka hau dutse mafi tsawo a Najeriya

Da yamma ne, ka dawo daga gona ko daga makaranta, ka zauna a majalisa kana latsa waya. Sai ga wani bidiyo a TikTok: matasa sun tsaya a ƙololuwar dutse, gajimare a ƙarƙashin ƙafarsu, iska na kaɗa musu tutar Najeriya. Ka tura wa abokai a guruf ɗin WhatsApp, ka rubuta: "Wallahi mu ma sai mun je." Kafin a kira magariba mutum takwas sun ce suna ciki.

To madalla, buri ne mai kyau. Amma ɗan'uwa, zauna mu yi magana tukuna. Bidiyon nan na daƙiƙa 30 ne. Sa'o'in da aka kwashe ana haki, da ƙafar da ta kumbura, da wanda ya juya daga rabin hanya, duk ba a saka maka su ba. Ke ma 'yar'uwa da ke karanta wannan, maganar da ke ake yi.

Mu fara daga gida

Kai ɗan Ungogo ne, ko daga Bachirawa kake, ko Rijiyar Zaki, ko Rangaza. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce: gonakin gero da dawa da gyaɗa, gida kusa da gida, sai kuka da darbejiya nan da can. In aka ce "hawa" a wajenmu, abin da ke fara zuwa rai shi ne Hawan Fanisau, ranar da Sarkin Kano ke fitowa da dawakai a bukukuwan Sallah. In kuwa dutse ne, to ga na Fanisau ɗin, ga Dala da Gwauron Dutse a cikin birni.

Ƙololuwar Dala tana kan mita 534 daga matakin teku, amma kada lambar ta ruɗe ka. Birnin Kano kansa yana kan kusan mita 480 ne. Ke nan abin da kake hawa daga gindi zuwa sama bai kai ko mita 100 ba. Duk da haka ka tuna yadda numfashinka ya yi ranar da ka fara hawansa.

Yanzu ga Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal. Shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Yana Jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Sunan Gangirwal daga Fulatanci ne, kuma galibi ana fassara shi da "dutsen mutuwa". Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, don ka san da wa za ka gaisa ne.

Kafin ma ka ga gindinsa akwai aiki. Daga Kano sai ka kai Jalingo, ka bi ta Bali da Serti, inda hedikwatar gandun take, sannan mota ta yi ta nannaɗe hawan Mambilla zuwa wajajen Nguroje da Gembu. Daga nan kwalta ta ƙare, sai babur, sai ƙafa. Don haka in ka ji an ce "hawan yini ɗaya", ranar ƙarshe ake nufi, wadda za ka tashi daga masauki na kusa, ka kai sama, ka dawo kafin duhu. Tafiyar gaba ɗaya ta kwanaki ce.

Yadda yinin yake

Ana tashi ne da asuba. Ka yi salla, ka ci abin da zai riƙe ka, ka ɗaura takalmi gari bai gama wayewa ba. Dalili? Kowace sa'a ta hasken rana jari ce.

Akwai wani lissafi da masu hawan duwatsu ke amfani da shi tun 1892, wanda wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fito da shi: ka ware sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan ka ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 da za ka hau sama. Misali, a ce tafiyarka zuwa da dawowa kilomita 12 ce, hawan cikinta mita 900. Lissafi zai ba ka kusan sa'a 4. Amma fa wannan na gogagge ne wanda bai tsaya ko shan ruwa ba. Kai sabon shiga, da hutu da salla da ɗaukar hoto, ka sa wa ranka 6 ko 7. Mita 900 ɗin nan kuwa, kamar ka hau Dala ne fiye da sau goma a jere.

Da farko za ka ji garau, har kana waƙa kana tsokanar na baya. Kuskuren farko ke nan. Wanda ya fara da gudu shi ke fara zama. Ka yi tafiyar da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai kuma sanyi. Duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin Ungogo da saman Chappal Waddi ke nan akwai bambancin kusan digiri 12 zuwa 13, ban da iska. Ga abin da ke cutar da mutane: ka yi gumi sharkaf a hawa, ka isa sama ka tsaya, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga. Nan da nan haƙora su fara haɗuwa. Hazo ma kan rufe wuri cikin ɗan lokaci, har ka kasa ganin wanda ke gabanka. Shi ya sa da rani ake zuwa, daga wajen Disamba zuwa Maris, ba da damina ba.

Abin da tsawo ke yi wa jiki

Ko ka san me ya sa mutum ke haki a sama ko da ba gudu yake ba? Iskar can ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. A mita 2,400, abin da kake samu na iskar oksijin a kowane numfashi kusan kashi uku ne cikin huɗu na abin da za ka samu a bakin teku. A saman Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, kusan rabi ne.

Ciwon da tsawo ke jawowa ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama. Chappal Waddi na dab da wannan layin, Dutsen Kamaru da ke Buea kuwa ya haura mita 4,000. Alamun su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In suka zo, a daina ƙara sama. In mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko numfashi na gagararsa alhali yana zaune, to babu shawara, a sauko da shi nan take, kuma kada a bar shi ya sauko shi kaɗai. Ciwon nan ba ruwansa da ƙarfinka. Yana iya kama ɗan ƙwallo ya ƙyale ramamme.

Ga kuma wata magana da ta shafe mu kai tsaye: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS. Ƙarancin oksijin da ƙishirwa da sanyi da wahala, duk abubuwa ne da ke tayar wa mai SS ciwo, kuma a dutse suna haɗuwa ne gaba ɗaya. Mai AS ma, ko da bai taɓa jin komai ba, zai iya gamuwa da matsalar saifa a wuri mai tsawo. Ka san rukunin jininka kafin ka biya kuɗin mota. In kana da sikila, asma, hawan jini ko ciwon zuciya, fara ganin likita.

Azahar ta yi, a juya

Wannan ita ce doka mafi wuyar bi. Tun kafin a tashi ku tsayar da lokacin juyawa. A ce azahar. In ta yi ba ku kai ba, ko da kuna hangen ƙololuwar kamar ku miƙa hannu ku taɓa, a juya.

Na san abin da za ka ce: "Haba malam, bayan duk kuɗin da na kashe? Me zan ce wa 'yan majalisa?" To saurara. A watan Mayun 1996, mutum 8 suka rasu a Dutsen Everest, bayan da wasu suka ci gaba da hawa har lokacin juyawa ya wuce, guguwa ta riske su a hanyar saukowa. Cikinsu har da gogaggun jagorori. Dutse na nan baɗi, ba inda za shi.

Kuma ka sani, in ka kai sama rabin aiki ka yi. A saukowa ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, hankali ya koma kan abinci, a nan ake yawan zamewa. Targaɗen da a gida za a kai ka wajen mai ɗori cikin minti goma, a can sai an ɗauko ka a kafaɗa na sa'o'i kafin a ga babur.

Hoto fa? Ɗauka, ai abin tarihi ne. Amma wani bincike da likitoci suka yi a Indiya ya ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar kansu hoto a faɗin duniya tsakanin 2011 da 2017, yawancinsu samari. Kada ka ja da baya a bakin gangare idonka na kan waya. Kada kuma ka dogara da ita, don sabis kan ɗauke, sanyi kuma na saurin cinye caji.

Me za ka ɗauka?

Takalmi kambas mai gurzajjen ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabo fil zai yi maka kanta, silifas kuwa kada ma a fara. Rigar sanyi, rigar ruwa, hula da safa, duk za ka samu a gwanjon Ƙofar Wambai ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Ruwa aƙalla lita 3, da 'yan ƙullin gishiri da sukari. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi ba su da nauyi kuma suna riƙe ciki. Sai tocila, usur, sanda, da katin shaida, tunda wurin bakin iyaka ne. Ledar da ka hau da ita kuma ka sauko da abarka.

Sama da duk waɗannan akwai ɗan jagora. Ka nemi izini daga hukumar gandun, ka tafi da ma'aikacinsu ko ɗan gari da ya san hanya, ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma ji maganarsa. Ka tambayi halin tsaron hanya a satin da za ka tafi, ba labarin bara ba. Matambayi ba ya ɓata.

Fara daga inda kake

Kada Gangirwal ya zama dutsenka na farko. Ka ɗauki wata biyu ko uku kana shiri. Goya jaka mai ɗan nauyi ka taka daga unguwarku zuwa Fanisau ka dawo. Ranar Asabar ku je Dala, ku hau ku sauko har sai cinya ta yi magana. Daga nan ku gwada Kufena a Zariya. Sai Duwatsun Shere da ke gabashin Jos, masu kaiwa mita 1,829, inda ake iya hawa a sauko a yini guda. In ka sauko daga Shere kana iya dariya, to ka fara cancantar maganar Taraba.

Abu na ƙarshe, kada ka sulale ka ce wa Umma ka tafi bikin aboki a Gombe. Zauna da Baba da Umma, ka gaya musu inda za ka, da su wa, da ranar dawowa, ka bar musu lambar jagoranku. In sun ce a dakata, a dakata, ka ci gaba da shirinka.

Yanzu koma guruf ɗin nan. Ka ce wa mutum takwas ɗin su same ka a gindin Dala ranar Asabar bayan sallar asuba. Waɗanda suka zo, da su za ka fara lissafi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.