Bayani Kan Kiwon Damo a Gida Ga Jama'ar Janfalan da Kewaye

A duk shekara, da zarar damina ta kankama a Janfalan da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, manoma da yara makiyaya kan ci karo da damo a bakin gona, ko a jikin suri, ko kuwa a gefen fadamun rake. Wasu don nama suke kama shi, wasu don fata, akwai kuma waɗanda kan kai shi gida su ɗaura masa igiya a ƙugu, ko su jefa shi cikin tsohuwar ganga, da niyyar yin kiwonsa. Domin waɗannan na ƙarshe aka shirya wannan bayani, saboda sau da yawa damon da aka tsare ta wannan hanya mutuwa yake yi a hankali, ba tare da mai shi ya ankara ba.

Hausawa na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma wannan haƙurin shi ne ke yaudarar mai kiwo. Akuya kan yi kuka idan yunwa ta dame ta, kaza kan sauke fukafukai idan ba ta da lafiya, amma damo yana iya shafe watanni yana fama da ciwon ƙoda ko na hanta yana kwance shiru. Mai shi kuwa sai ya ɗauka ai sabo ne ya yi da mutane. Lafiyayyen damo ba ya lafewa haka. Yana tono, yana zaro harshe yana sunsunar iska, idan an taɓa shi kuma ya kumbura ya yi huci, ya kai duka da wutsiya.

Ya kamata tun farko a bambance damo da guza. Damo, wanda masana ke kira Varanus exanthematicus tun bayan da Bafaranshe Louis Bosc ya yi bayaninsa a shekarar 1792, gajere ne kakkaura mai faffaɗan kai, launinsa na ƙasa-ƙasa, kuma da wuya tsawonsa ya zarce mita ɗaya da ɗan kai. Guza kuwa, wato Varanus niloticus, dogo ne mai dogon wuya da ɗigo-ɗigon rawaya, yana zaune a bakin rafi, yana iya kai mita biyu, ga cizo ga zafin rai. Guza ba dabbar ajiyewa a gida ba ce ko kaɗan.

Har ila yau akwai batun doka. Dukkan dangin damo da guza suna ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, wadda ta fara aiki a shekarar 1975, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka sa mata hannu. Dokar tarayya mai lamba 11 ta shekarar 1985, wadda ta shafi dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta ambaci damo da guza a cikin jerin dabbobin da ta kare, an kuma yi mata gyara a shekarar 2016 aka tsananta hukunci. A saboda haka ana shawartar duk mai riƙe da damo da ya tuntuɓi jami'an gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kaduna domin sanin matsayinsa.

Sirrin lafiyar damo yana cikin yadda yake rayuwa a daji. Binciken da wani masani mai suna Cissé ya gudanar a ƙasar Senegal a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa damo da damina yake cin abincinsa, ya tara kitse a ciki da gindin wutsiya, sa'an nan idan rani ya yi ya shige rami ya kusan daina ci har sai ruwa ya sauka. Shi kuma Daniel Bennett, wanda ya bi diddigin damo a ƙasar Gana a shekarun 1990, ya tarar cewa abin da ya fi ci shi ne gyare, ƙadandoniya, kunama, fara, dodon koɗi da makamantansu. Ke nan damo macin ƙwari ne, ɓera da tsuntsu sai jefi-jefi.

A nan ne mai kiwo ya fi yin kuskure, kuma cikin kyakkyawar niyya yake yinsa. Sai ya riƙa jefa masa ɓeraye, hanjin kaza, ragowar nama daga wajen mahauta, kullum, rani da damina. Damo ba ya ƙin tayi. Yakan ci ya yi teɓa har cikinsa ya riƙa jan ƙasa, kitse ya lulluɓe hantarsa, ƙodarsa ta gaza. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ake ganinsa ba: ƙasashen Gana, Togo da Benin kan fitar da dubban 'ya'yan damo kowace shekara zuwa Amurka da Turai, inda da yawa daga cikinsu ke mutuwa cikin 'yan shekaru saboda ƙiba da ƙishirwa, alhali dabba ce da ke iya wuce shekara 10 idan ta sami kulawa.

Abin da ya dace a ba shi shi ne fara, gyare, kyankyasai, gwazarma, shinge a lokacinsa, da dodon koɗi tare da ɓawonsa. Ɗan ƙarami a ba shi kullum, babba kuwa sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Ƙwai sai nadiran. Yana da kyau a daka busasshen ɓawon ƙwai ya yi laushi a riƙa barbaɗawa a kan ƙwarin, domin tsokar nama zalla da ƙwari ba su da isasshen sinadarin kalshiyam mai gina ƙashi. Tuwo, shinkafa da ganye ba abincinsa ba ne.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi wannan yanki musamman. Manoman masara, tumatir da barkono suna yawan feshin maganin ƙwari, kuma farar da aka kamo daga gonar da aka fesa guba ce ga damo. Haka nan kyankyason da aka tsinto a ɗakin da aka zuba magani, ko ɓeran da ya ci shinkafar ɓera. A nemo ƙwari daga saura ko makiyayar da feshi bai kai ba.

Bayan abinci sai zafi. Damo ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, da rana yake dogara, kuma idan jikinsa bai ɗumama ba abinci ba ya narkewa a cikinsa. Masu kiwonsa a Turai kan kunna masa fitilu don su sami wurin shan zafi mai digiri 50 ko fiye, mu kuwa Allah ya ba mu rana kyauta. Abin da ake bukata shi ne hasken rana ya riƙa sauka kai tsaye a wani sashe na wurin, a kan faffaɗan dutse, ba ta cikin gilashi ba, domin da wannan haske ne jikinsa ke haɗa bitamin D. Idan ya rasa shi, muƙamuƙinsa kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Amma tilas ne ya sami inuwar da zai koma. Damon da aka bari cikin gangar ƙarfe a ranar watan Afrilu yana iya mutuwa kafin azahar.

Wurin zamansa kada ya gaza ƙafa 8 a tsawo da ƙafa 4 a faɗi, da katanga mai santsi da rufin waya. A daɓe ƙasan da siminti don kada ya haƙe ya fita, sa'an nan a zuba ƙasa gauraye da yashi mai zurfin ƙafa 2 aƙalla, irin wadda idan an dunƙula ta a hannu za ta riƙe. Wannan ƙasa ita ce rabin lafiyarsa. A cikin rami ne yake tsira daga zafin bazara da sanyin hunturu, a nan ne kuma danshi ke hana jikinsa bushewa. Damon da aka ajiye a kan tsurar siminti cikin iskar hunturu ruwan jikinsa ke tsiyayewa kullum, ko da akwai kwanon ruwa a gabansa, har gaɓoɓinsa su kumbura, saɓarsa ta maƙale a yatsu ta datse su. A riƙa yayyafa wa gefe ɗaya na ƙasar ruwa, a kuma ajiye masa faffaɗan kasko wanda zai iya shiga, ana sauya ruwan kullum saboda yakan yi kashi a ciki. Igiyar ƙugu kuwa a kwance ta, domin tana cin fata har ta zama gyambo.

Idan Disamba ta kama, babban damo mai ƙoshin lafiya ya shige rami ya rage ci, wannan ɗabi'arsa ce, kada a tono shi a yi masa ɗura. Abin dubawa shi ne gindin wutsiya: muddin a cike yake, babu damuwa. Amma idan ƙasusuwan ƙugu suka fito, idanu suka zurma, ko ana ganin kumfa a hanci, ko yana numfashi baki buɗe, ko yana jan ƙafafun baya, to a hanzarta kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, shi ne babban wurin da ya fi kusa da wannan yanki. Kaska kuma a cire ta da hannu ko da hantsaki, kada a shafa masa maganin wankan shanu.

Bugu da ƙari, damo kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ta yi masa illa ba, amma ga ɗan Adam tana jawo gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara, tsofaffi da mata masu juna biyu. Duk wanda ya taɓa shi ko ya share wurinsa ya wanke hannu da sabulu, kada kuma a wanke kaskonsa inda ake wanke kwanukan abinci.

Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ana kira gare shi da ya sanar da jami'an gandun daji, ko ya mayar da damon daidai inda aka kamo shi, nesa da hanya da karnuka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Yuni ko Yuli, sa'ad da ƙasa ta yi laushin tono, ƙwari kuma suka yawaita.